Kyamarar da Ba Ta Rufe Fuska

Mai Hoto ya hau benen shagon gyaran kyamara yana hutawa a kowace kwana, jakar aiki tana cin kafaɗarsa. Da can da gudu yake haye matakalar nan, har ya iso sama da sauran numfashin yi wa mutane ba'a. Yanzu sai ya dafa bango, ya jira gwiwoyinsa su gama kawo ƙara, sannan ya ci gaba. A cikin jakar akwai kyamarar da ya ci abinci da ita tun yana saurayi, da gilasanta: na ɗaukar fuska, na jawo nesa, da mai faɗi na ɗaukar taro. Duk lafiyarsu ƙalau, kuma abin da ya fi ɓata masa rai ke nan. Da wani abu ne ya lalace, ai da ya san abin da zai ce a gyara.

Maganar yayansa ce ta kawo shi. Yaya ya tsufa, mantuwa ta ci ƙarfinsa. Ya fara da manta inda ya ajiye tabarau, ya koma manta hanyar gida, har aka wayi gari yana kiran 'yarsa ta cikinsa "baiwar Allah". Auta ake ce mata, ita ce ƙaramar 'ya'yansa, kuma ita ta bar aikinta ta dawo gida tana jinyarsa. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke yanke masa farce, shi kuwa ya yi mata godiya cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Mutum ɗaya ya rage wanda yakan gane jefi-jefi, shi ne ƙaninsa Mai Hoto, shi ma sai in su biyu ne kaɗai a ɗaki.

Auta ta cika wayarta da hotunan mahaifinta, amma duk fuska ɗaya ce, ta tsoho mai jiran a gaya masa inda yake. Shi ya sa ta sami baffanta.

"Baffa, ka ce yakan gane ka," ta ce. "Ni rabon da in ga fuskar nan har na fara mantawa. Ka ɗaukar min ita sau ɗaya. Ba na neman komai bayan wannan."

Ya ce mata ai wannan ba wani aiki ba ne. Haka masu sana'a suke, baki ya riga hannu. Ya je, ya zauna da Yaya har hira ta fara kamawa, ya ga idon tsohon ya fara dawowa. Yana ɗaga kyamara ya ɗora a fuskarsa, sai Yaya ya ga ƙaninsa ya ɓace, wani baƙin ƙarfe mai ido ɗaya ya tsaya a wurinsa. Ga kuma ƙarar da take yi in an danna, kamar an rufe akwatin ƙarfe. Yaya ya maƙale a jikin kujera yana kare kansa da hannu, yana tambayar wa ya bar mutumin nan ya shigo. Ranar ko ruwa bai yarda ya sha ba sai da yamma.

Mai Gyara yana sunkuye a kan tebur da tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki. Sun san juna tun gashinsu yana baƙi, saboda haka gaisuwarsu ba ta da tsawo.

"Me ka kashe kuma?" in ji Mai Gyara, bai ko ɗago ba.

"Ban kashe komai ba. Kyamara nake so wadda ba za ta rufe min fuska ba."

"Fuskar taka? Ai rufe ta taimakon jama'a ne."

Mai Hoto bai yi dariya ba. Ya sauke jakar a ƙasa, ya zauna a kan benci, ya ba shi labarin Yaya a taƙaice. Mai Gyara ya ajiye hantsakin, ya cire tabarau na hanci, ya daɗe yana murza idonsa. Sannan ya tashi ya buɗe kabad ɗin da ba ya buɗe wa kowa.

Ya fara miƙo masa wata 'yar ƙarama mara nauyi, wadda ake leƙawa ta wata 'yar taga a gefe. Ido ɗaya kawai take rufewa, in ji shi, rabin fuska na waje, kuma ƙararta ba ta fi ta tsinken ashana ba. Mai Hoto ya ji daɗinta a hannu. Sai dai wajen saita ta akwai wani ɗan tabo a tsakiyar tagar, inda abu ke fitowa biyu, sai ka juya gilashi har biyun su haɗe su zama ɗaya. Ya auna ta a kan agogon bango, ya juya dama, ya juya hagu, ya runtse ido ya buɗe.

"Tagar nan ta yi datti," ya ce.

"Jiya na goge ta."

"To ba ka goge da kyau ba."

"Haka ne," in ji Mai Gyara, ya karɓe ta a hankali ya mayar. Shi ma ya san ba tagar ba ce, amma mutumin da ke aiki da tabarau biyu ba ya tona wa wani asirin ido.

Ta biyu mai batir ce, ita ke saita kanta, ita ke jan fim da kanta. Mai Gyara ya ce wannan ko makaho ya danna hoto zai fito. Mai Hoto ya danna, ta yi wani kuka mai tsawo tana jan fim, wata jar fitila ta ƙifta a gabanta. Ya ajiye ta nan take. Wannan ai Yaya ta taga zai fita. Akwai kuma wata babba a kusurwar shagon, tsaye a kan ƙafafu uku, irin wadda mai hoto ke shiga ƙarƙashin baƙin ƙyalle. Su biyun suka dube ta, suka dubi juna, suka bar ta a inda take.

Can Mai Gyara ya durƙusa da ƙyar, ya jawo wani akwati daga ƙasan kabad. A ciki akwai wata tsohuwar kyamara mai siffar tubali a tsaye, da idanu biyu a gaba, ɗaya bisa ɗaya. Ya rataya masa ita a wuya, ta sauko daidai cikinsa, ya buɗe murfin samanta.

"Dubi ƙasa."

Mai Hoto ya sunkuyar da kai. A cikin wani allon gilashi mai faɗin tafin hannu, ga shagon nan gaba ɗaya, fes, da tebur da taga da Mai Gyara yana hararar sa. Allon babba ne, ko idonsa da ya gaji yana iya ganin inda abu ya fito sarai da inda ya yi hazo.

"Idon sama naka ne, na ƙasa na fim," in ji Mai Gyara. "Ka saita, ka ɗago kai, ka dubi mutum da fuskarka a buɗe, ka danna. Danna ka ji."

Ya danna. Sai da Mai Gyara ya juya wani mariƙi a gefenta, shi kuma ya sake dannawa ya kasa kunne, kafin ya ji ɗan ƙis ɗin da ta yi.

"Amma ka saurare ni, don na san halinka. Gilashinta ba ya cira, duk waɗannan na jakarka ba wanda zai shiga jikinta. Fim ɗinta daban ne, mai faɗi, hoto goma sha biyu ya ƙare. In ka ɗauki ɗaya sai ka juya wannan mariƙin kafin ka samu na gaba. Kuma abin da kake gani a allon nan a juye yake, dama ta koma hagu. In mutum ya matsa nan, a ciki za ka ga ya yi can. Ka ɗauke ta ka zaga kasuwa mako biyu ko uku, hannunka ya saba."

"Ni za ka koya wa riƙon kyamara?"

"Kai ka sani ai. Hannunka ne bai sani ba."

Mai Hoto ya ji maganar, amma ya ji ta ne irin jin da tsohon direba ke yi wa mai nuna masa birki. Kuma ko da ya so bin shawarar, ina ya ga mako uku? Kowane wayewar gari Yaya ƙara nisa yake yi. Ya karɓi fim, ya bar jakarsa a ƙarƙashin bencin Mai Gyara, ya ce ya ajiye masa, in kuma wani ya zo yana so ya ba shi. Ya sauko benen kafaɗarsa sakayau, ya rasa ko daɗi yake ji ko kewa. A hanya ya gwada ta a kan wata bishiya da wata mota da aka ajiye a bakin titi, duka suka tsaya masa cak, ya ce wa kansa ai shi ke nan ya iya.

Washegari da hantsi ya isa gidan. Auta ta riga ta yi wa mahaifinta wanka, ta sa masa farar riga, ta taje masa gemu, ta zaunar da shi a kujerar da ke kusa da taga. Idonta ya faɗa don rashin barci, ga jiƙaƙƙen tawul a kafaɗarta da ta manta da shi.

"In tsaya a bayan labule, Baffa? Ba zan yi motsi ba."

"Zai ji ki. Kin san in da baƙo ba ya sakewa."

Kalmar "baƙo" ta fita kafin ya kama ta. Auta ta gyaɗa kai kawai, ta ɗauki kwanon da ke kan tebur ta fita, ta jawo ƙofar a hankali.

Mai Hoto ya jawo kujera ya zauna nesa kaɗan, kyamarar a kan cinyarsa. Yaya ya dube ta, ya dube shi, bai razana ba. Mutum ne zaune da akwati a cinya, ba abin tsoro a nan. Mai Hoto ya saita allon, ya ɗago, sai ya tarar da wata wahalar da Mai Gyara bai gaya masa ba. Duk tsawon aikinsa a bayan ƙarfe yake kallon mutane, har hoton gawa ya ɗauka bai ji komai ba sai da ya koma gida. Yau babu abin laɓewa. Dole ya dubi yayansa ido da ido, ya ga yadda wuyan rigar ya yi masa yawa, kuma dole Yaya ya ga duk abin da ke kan tasa fuskar. Ya ji kunya, ya ji tausayi, ya kuma ji gajiyar da ta fi ta hawan bene.

"Sannu, bawan Allah," in ji Yaya. "Wurin wa ka zo?"

"Wurinka na zo, Yaya."

"To, madalla. Masu gidan sun fita."

Ya danna ɗaya, ya juya mariƙi, don hannunsa ya sami abin yi. Ya fara hira. Ya kawo zancen gidan da suka tashi, da rijiyar da aka hana su leƙawa, da malamin lissafi mai jan kunne. Yaya yana ta cewa "Allah sarki" irin ta mai sauraron labarin wasu mutane. Rana ta matsa daga kafaɗar tsohon zuwa gwiwarsa. Mai Hoto ya danna wasu, duk ya san ba su ba ne. Bayansa ya ƙage, bakinsa ya bushe, har ya fara tunanin abin da zai gaya wa Auta.

Daga baya ya daina ƙoƙari. Ya miƙe ƙafa, ya shiga murza gwiwarsa yana tsaki.

"Har yanzu ƙafar ce?"

Ya ɗago. Muryar ta canza, ta koma ta mutumin da ya saba ba da umarni a gida.

"Guntu," in ji Yaya. "Na ce maka kada ka hau keken nan, ya fi ƙarfinka. Ba ka ji."

Ba wanda ya kira shi Guntu tun rasuwar mahaifiyarsu. Ga fuskar nan kuwa ta dawo gaba ɗaya, da faɗa da dariya a haɗe, Yaya na gaske zaune a cikin idonsa. Yatsan Mai Hoto na kan madanni. Da ya danna a lokacin, da shi ke nan.

Amma Yaya ya dafa hannun kujera ya karkato gefe, yana miƙo hannu zai duba gwiwar. Mai Hoto ya ga ya fita daga inda ya saita, ya sauke ido kan allon, ya ga yayansa yana zamewa ta hagu. Hannun da ya yi shekaru yana bin abin da ido ya gani bai tsaya shawara ba, ya bi shi hagu, yatsa ya danna. Allon ya cika da bango. Ya dawo da ita a rikice, ya wuce, ya sake dawowa, ya danna bai ji komai ba, sai ya tuna da mariƙin. Kafin ya juya shi ya ɗago kai, Yaya yana kallon hannunsa da ke miƙe, yana mamakin abin da ya aike shi.

"Bawan Allah," ya ce, "ko ka ga masu gidan?"

A ɗakin duhu da ke bayan shagonsa, Mai Hoto ya wanke fim ɗin a ranar. Zuciyarsa na gaya masa ƙila ya kama ko da rabi ne, tunda fim ɗin mai faɗi ne. Ya rataye dodon hoton ya bushe, ya ɗaga shi a haske. Kyamarar ba ta yi ƙarya ba, ko gashin gemu ana iya ƙirgawa. Ga tsoho mai ladabi a kowane gida na fim ɗin, yana jiran masu gida. A guda ɗaya kuwa, bango ne da gefen taga, sai hannu da ya shigo daga gefe, yatsu a buɗe, da ɗan yankin kafaɗa. Fuskar tana wajen hoton da abin da bai fi faɗin yatsu uku ba.

Bai gaya wa Auta ba. Ya ce mata hasken ranar ne bai yi ba, zai sake zuwa. Sai a lokacin ya yi abin da aka ce ya yi tun farko. Ya riƙa zaga titi da kyamarar rataye a wuyansa, yana bin masu keke da kaji da masu tura baro, har hannunsa ya koyi tafiya inda ido ya ce kada ya je. Ya ƙware sosai. Ya yi ta komawa gidan, ya zauna a kujerar nan, ya miƙe ƙafa, ya murza gwiwa, ya yi tsaki, har ya kawo zancen keke da bakinsa. Yaya ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ba shi shawarar ya ga likita. Bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da Yaya, ko wannan ma ya daina cewa.

Wata rana da la'asar Auta ta zo shagon baffanta. Ta sami wata maƙwabciya ta zauna da mahaifinta. Ta tsaya a bakin tebur, ba ta zauna ba.

"Baffa, ba haske ba ne, ko?"

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko hoton, don ya riga ya buga shi a takarda. Ya gaya mata yadda aka yi, bai rage ba, bai ɗora wa kyamara ba. Ta riƙe hoton da hannu biyu, ta daɗe tana kallon hannun mahaifinta. Ya jira ta yi fushi, da ma ya fi son hakan. Ba ta yi ba, ba ta da sauran ƙarfin fushi.

"Amma ya gane ka."

"Ya gane ni. Har faɗa ya yi min."

"Kai kaɗai ka gani ke nan." Ta ajiye hoton a kan tebur. "To gaya min. Yaya ya yi?"

"Ya yi murmushi."

"Wane iri?"

Mai Hoto ya buɗe baki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan fuskokin mutane, sai ga shi yana lalube. Ya ce gira ɗaya ta ɗaga. Ya ce bakin ya ɗan karkace, kamar zai yi dariya amma yana riƙewa don kada faɗan ya lalace. Ya ce idon, idon dai, ya tsaya. Yana ji da kunnensa cewa abin da yake faɗa zai iya zama fuskar kowa.

"Ban gani ba, Baffa," ta ce a hankali. "Yi haƙuri, ban gani ba."

"Haka dai," ya ce, don kalmomin sun ƙare masa. "Kamar haka."

Ya karkata kai yadda Yaya ya karkata. Ya tuna muryar tana cewa ba ka ji, ya bar girarsa ta ɗaga, ya bar bakinsa ya tafi gefe. Bai yi zaton komai ba, nuni ne kawai irin na wanda ya gaji da bayani. Amma ciki ɗaya suka fito, kuma tsufa ya gama goge ɗan bambancin da ke tsakaninsu.

Auta ta dafa tebur.

"Tsaya haka," ta ce. "Don Allah kada ka motsa."

Ya tsaya. Wani ya leƙo shagon yana tambayar hoton fasfo, ba wanda ya amsa masa, ya tafi. Kumatun Mai Hoto suka fara zafi, wuyansa ya ƙage, hawaye ya gangaro ya shiga gefen bakin da ya karkace, bai share ba. Ya riƙe mata fuskar mahaifinta har sai da ita da kanta ta sunkuyar da kai.